Mace da Kujerar Shugaban Ƙasa: A Ina Hanyar Take Tsinkewa?

A zaɓen tarayya na watan Disamba 1959, wanda ya tabbatar da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan kujerar Firayim Minista, babu mace ko ɗaya a lardin Bauchi da ta jefa ƙuri'a, domin a lokacin dokar Jihar Arewa ba ta ba mata wannan dama ba, alhali kuwa takwarorinsu na Kudu sun shiga layi a wannan zaɓe. Sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka buɗe wa matan Arewa rumfar zaɓe, kuma zaɓen shugaban ƙasa na farko da suka sa hannu a cikinsa shi ne na 1979. Kafin a kai ga haka, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan wannan magana. Yau kuwa lamarin ya juya. A rajistar da hukumar INEC ta yi aiki da ita a zaɓen 2023, mai ɗauke da sunaye sama da miliyan 93, mata su ne kashi 47.5 cikin ɗari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Wunti ta Bauchi ko a Jekadafari ta Gombe ya san cewa layin mata ba ya gajarta, kuma su ne masu jure rana har a gama ƙirga. Duk da haka, Najeriya ba ta taɓa yin shugabar ƙasa mace ba, ba ta taɓa yin mataimakiyar shugaban ƙasa ba, kuma babu jihar da ta taɓa zaɓen mace a matsayin gwamna.

Idan aka nemi dalili a cikin doka, ba za a same shi a sarari ba. Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa: ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, ya kai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Sashe na 42 ma ya hana a nuna wa kowa bambanci saboda jinsinsa. Sharaɗin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne na huɗu, domin Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Wanda jam'iyya ba ta ɗaga hannunsa ba, ko da duk ƙasar na son sa, hotonsa ba zai hau allon yaƙin neman zaɓe ba, tutarsa kuma ba za ta hau takardar ƙuri'a ba.

Saboda haka tambayar da aka saba yi a majalisun hira, wato ko talakan Najeriya zai yarda ya zaɓi mace ta mulke shi, tambaya ce da ba a taɓa gwada amsarta ba, tun da babu wata jam'iyya mai ƙarfin cin zaɓe da ta taɓa kawo masa mace ya ƙi. A ganina a nan ne ya kamata a fara bincike. Hanyar tana tsinkewa ne tun kafin a zo ranar zaɓe, kuma tun a can ƙasa, inda ba a cika kai ido ba.

Matan da suka gwada sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka shiga zaɓen fidda gwani na manyan jam'iyyu, kamar Sarah Jibril, wadda ta kara da Goodluck Jonathan da Atiku Abubakar a taron PDP na Janairu 2011 ta tashi da ƙuri'a ɗaya tak, a zauren da akwai wakilai mata da yawa. A taron APC na Yuni 2022, mace tilo da ta sayi fom, Uju Ken-Ohanenye, ta janye wa Bola Tinubu ne a kan mumbari kafin a fara jefa ƙuri'a. Akwai kuma waɗanda suka ga ƙofar babban gida a rufe suka koma ƙananan jam'iyyu: Farfesa Remi Sonaiya ta KOWA ta samu ƙuri'a 13,076 a duk faɗin ƙasar a 2015, Oby Ezekwesili ta janye ana saura makonni a yi zaɓen 2019, a 2023 kuma Chichi Ojei ta APM ce kaɗai mace a cikin 'yan takara 18. Ba daidai ba ne a ɗauki waɗannan alƙaluma a ce ga hukuncin da jama'a suka yanke wa mata, domin mazan da suka tsaya a irin waɗannan jam'iyyu ma haka suka tashi. Sashe na 134 yana buƙatar wanda zai ci zaɓe ya samu mafi yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma jam'iyyar da ba ta da wakili a rumfunan zaɓe sama da dubu 176 ba ta da hanyar cika wannan sharaɗi, ko wa ta tsayar.

To, su wa manyan jam'iyyu suke tsayarwa? A duba waɗanda suka hau mulki tun daga 1999. Obasanjo da Buhari janar-janar ne da suka taɓa riƙe ƙasar da kaki. Umaru Musa 'Yar'aduwa daga gidan gwamnatin Katsina ya fito, Jonathan daga na Bayelsa, Tinubu kuma ya yi shekara takwas a na Legas. A cikin mataimaka, an zaɓi Atiku gwamnan Adamawa kafin a ɗauko shi, Namadi Sambo yana gwamnan Kaduna aka kira shi, Kashim Shettima ya yi wa'adi biyu a Borno. Yemi Osinbajo ne kaɗai bai yi gwamna ko ya ci zaɓen gwamna ba, shi ma kuwa kwamishina ne a gwamnatin Tinubu. Ke nan tsanin hawa fadar Aso Rock matakalarsa ta ƙarshe guda biyu ce, ko bariki ko gidan gwamnati. Ta ɓangaren bariki babu dogon bayani, domin sai a 2011 makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin da ke fitar da kwamandojin yaƙi. Ta ɓangaren gidan gwamnati kuwa, mace ɗaya ce ta taɓa zama a kujerar, wato Virginia Etiaba ta Anambra, ita ma ba da ƙuri'arta ba: majalisa ce ta tsige Peter Obi a Nuwamba 2006, ta riƙe na wata uku, kotu ta mayar da shi a Fabrairu 2007.

Abin da ya sa kujerar gwamna ta zama mabuɗi ba ɓoyayye ba ne. Gwamna ne ke riƙe da jam'iyya a jiharsa tun daga shugaban mazaɓa, shi ne ke da ta cewa a kan waɗanda za su tafi Abuja a matsayin daliget, kuma shi ne yake da abokai 35 masu irin ƙarfinsa da za a zauna a yi ciniki da su. Zaɓen fidda gwani na PDP a Mayu 2022 ya nuna wannan ƙarara. Jam'iyyar ta ɗauki wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, gwamnan Bauchi Bala Mohammed ya tashi da ƙuri'a 20, adadin da ya zo daidai da yawan ƙananan hukumomin jiharsa, ita kuwa Tari Oliver, macen da ke cikin takarar, ta tashi da ɗaya. Bambancin da ke tsakanin ashirin da ɗaya ba bambancin iya magana ko kyawun manufa ba ne. Ɗaya ya zo da jiha a bayansa, ɗaya ta zo da jakarta. Wannan kuma shi ne ya sa muƙaman naɗi, komai girmansu, ba sa kai mutum ga tikiti. Amina Mohammed, 'yar asalin Gombe, ta yi ministar muhalli kuma tun 2017 take mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Ngozi Okonjo-Iweala ta riƙe ma'aikatar kuɗi sau biyu kafin ta zama shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2021. Babu mai jayayya da ƙwarewarsu. Sai dai a daren fidda gwani ba takardun aiki ake ƙirgawa ba, daliget ake ƙirgawa, kuma muƙamin naɗi ba ya haifar da daliget.

Wani abin lura shi ne, sau biyu da mace ta kusa shiga gidan gwamnati da ƙuri'a, duka a Arewa maso Gabas abin ya faru, a jihohi biyu masu iyaka da Gombe. Sanata Aisha Jummai Alhassan, wadda aka fi sani da Mama Taraba, ta kayar da tsohon gwamna Jolly Nyame a zaɓen sanata na 2011, a zaɓen gwamna na 2015 kuma ta matsa wa PDP lamba har sai da aka je zagaye na cike giɓi. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara a Nuwamba 2015, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Darius Ishaku na PDP. A Adamawa, Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta doke maza a zaɓen fidda gwani na APC a 2022, cikinsu har da Nuhu Ribaɗu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow, ta kuma tara ƙuri'a kusan dubu 400 a babban zaɓe, tazararta da Ahmadu Fintiri ba ta kai dubu 35 ba. Sanarwar da kwamishinan zaɓe na jihar ya yi a Afrilu 2023 cewa ita ta ci, tun ba a gama tattara sakamako ba, wadda hukumar INEC ta soke nan take, ita ce ta fi tsayawa a zukatan mutane, har ta rufe abin da ya fi muhimmanci, wato cewa dubban ɗaruruwan mutane, da yawansu Musulmi ne na karkara, sun dangwala wa mace da saninsu. Matan nan biyu sun yi tarayya a abubuwa uku: kowacce ta yi sanata, kowacce tana da abin hannunta, kowacce kuma ta riƙe wani ɓangare na jam'iyya da kanta ba aro ba. Da suka zo da irin kayan da maza ke zuwa da su, sai aka yi kare jini biri jini.

Wannan ne ya sa nake ganin a ajiye maganar addini a inda ta dace, kada a rage mata nauyi, kada kuma a ɗora mata kayan da ba nata ba. Hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Bakrata, cewa mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba, sananne ne a kowane zaure, kuma mafi yawan malaman fiƙihu na da sun kafa hujja da shi wajen hana mace babban shugabanci. Akwai kuma malamai, musamman na wannan zamani, da suka ce maganar ta zo ne a kan Farisawa lokacin da suka naɗa 'yar Kisra, ko kuma suka ce shugaba mai wa'adi, wanda majalisa da kotu ke taka wa birki, ba halifa ba ne, suna kuma kawo labarin sarauniyar Saba'u a Suratun Namli. Warware wannan saɓani fagen malamai ne. Abin da ya shafi mai sharhin siyasa shi ne yadda ake aiki da maganar, kuma abin da ake gani shi ne tana tashi da ƙarfi idan mace ta zama barazana ga wani, ta kwanta idan macen tana jam'iyyar mai magana. Ƙasashen Musulmi irin su Pakistan da Bangaladash da Turkiyya da Indunusiya duk mata sun shugabanci gwamnatocinsu. Kudancin Najeriya kuwa, inda ba a karanta wannan hadisi a kan mumbarin yawancin garuruwa, shi ma bai taɓa zaɓen gwamna mace ba. Idan da addini kaɗai ne shingen, da Inugu ko Akwa Ibom sun daɗe da yin abin da ya gagari Bauchi.

Gizo yana saƙarsa ne a ƙananan matakai. Majalisar Dokokin Jihar Bauchi tana da kujera 31, kuma zaɓen 2023 bai kawo mace ko ɗaya cikinta ba. A zangon 2015 zuwa 2019 Maryam Garba Bagel ta Dass ce kaɗai. Gombe ta ɗan fi motsi a majalisar tarayya, inda Fatima Binta Bello ta wakilci Kaltungo da Shongom, Aishatu Jibril Dukku kuma ta wakilci Dukku da Nafaɗa, amma su ma ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. A Majalisar Dattawa ta goma mata huɗu ne a cikin 109, a ta Wakilai kuma ba su kai ashirin ba a cikin 360. Idan adadi ya yi ƙanƙanta haka, ko abin da ke samun kowa ya same su sai ya zama wani abu dabam. An dakatar da Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya a 2024, zauren bai rasa maza ba; da aka dakatar da Natasha Akpoti-Uduaghan a Maris 2025, kashi ɗaya bisa huɗu na matan majalisar ne ya fita. Haka Majalisar Bauchi ta dakatar da Rifkatu Samson Danna ta Bogoro a 2012, ita ce kuwa mace tilo a zauren, sai daga baya kotu ta ce dakatarwar ba ta kan ƙa'ida.

Me ke hana su shiga tun farko? Kuɗi ne kan gaba. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, PDP kuma ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Jam'iyyun sukan yi alfahari da cewa sun yafe wa mata kuɗin fom, sai na nuna sha'awa kawai za su biya, amma duk wanda ya san harkar ya san fom shi ne mafi araha a cikin abin da ake kashewa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, wannan kuwa abin da aka rubuta ne kawai. Kuɗin sallamar daliget, da na motoci, da na wakilan rumfa, da na lauyoyi har zuwa Kotun Ƙoli, babu mai kai rasit ɗinsu. Irin wannan dukiya a ƙasarmu daga kwangila take fitowa, ko daga riƙe babban ofis, ko daga uban gida mai zuba jari yana jiran riba, kuma duka hanyoyin uku maza ne suka cika su. Daɗin daɗawa, fom ɗin kyauta yakan zama makami a kan mai shi, domin idan aka zo sasanci ita ake fara cewa ta haƙura, tun da ba ta yi asarar komai ba.

Sasancin nan kuwa ba a ofishin jam'iyya ake yin sa da rana ba. Ana yin sa ne bayan sha biyun dare, a falon wani babba ko a ɗakin otal a Abuja ko Kaduna, mutum bakwai ko takwas a zaune, wayoyi a kife, ana shan shayi ana jera sunaye: wane ya yi haƙuri wannan karon za a ba shi kwamishina, wane ya sauka wa wane, kujerar kaza ta ɓangaren kaza ce. Kafin a kira sallar asuba an gama, abin da za a yi a filin taro washegari tabbatarwa ce kawai. Matar aure da za ta zauna a wannan falo har ƙarfe uku na dare ta san abin da za a faɗa a kanta a unguwa kafin ta iso gida, ta kuma san cewa maganar ba a kanta za ta tsaya ba, za ta bi mijinta zuwa masallaci ko coci, ta bi 'ya'yanta zuwa makaranta. Idan ba ta je ba, an raba ba da ita. Idan kuwa ba ta da aure, ko aurenta ya mutu, to abokan hamayya sun samu taken yaƙin neman zaɓe kyauta, abin da ba a yi wa namiji ko sau nawa ya yi saki. Gurbin da jam'iyya ta tanadar mata shi ne na shugabar mata, wadda aikinta shi ne ta raba atamfar anko, ta cika motoci, ta tabbatar an yi guɗa lokacin da ɗan takara ya ɗaga hannu. Aiki ne mai wahala kuma da shi ake cin zaɓe, amma ba a taɓa jin an tashi daga wannan kujera an zama gwamna ba.

Sai kuma tsoro. Siyasar da ta haifi 'yan Kalare a Gombe da 'yan sara-suka a Bauchi siyasa ce da ke buƙatar ɗan takara ya iya ciyar da matasa masu makami, ko aƙalla ya iya kare kansa daga na wani. A Nuwamba 2019, bayan zaɓen gwamnan Kogi, an ƙone Salome Abuh, shugabar matan PDP ta wata mazaɓa, a cikin gidanta. Labari irin wannan guda ɗaya ya isa ya sa iyaye da mazaje dubu su ce wa tasu ta zauna.

Akwai wani shinge da namiji bai san da shi ba sam, wato na asali. A ɗauki mace haifaffiyar Kumo ta ƙaramar hukumar Akko da aka kai ta aure Azare ta Katagum tun kafin a cire Gombe daga Bauchi a 1996. Idan ta nemi kujera a Katagum, sai a ce ba 'yar nan ba ce, aure ne ya kawo ta. Idan ta koma Akko, sai a ce ai ta zama ta wasu, ta je can ta nema. Ɗaya daga cikin ƙudurori biyar da suka shafi mata, waɗanda Majalisar Tarayya ta yi watsi da su ranar 1 ga Maris 2022 lokacin gyaran tsarin mulki, yana neman a ba mace damar zama 'yar jihar mijinta ne bayan shekara biyar da aure. Sauran sun haɗa da na ware wa mata kujeru a majalisa da na ba su kashi 35 cikin ɗari na muƙaman jam'iyya. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar, amma gyaran da aka sa wa hannu daga ƙarshe bai ƙunshi ko ɗaya daga ciki ba. A saman wannan duka akwai lissafin karɓa-karɓa. Tikitin shugaban ƙasa gurbi biyu ne kacal, kuma kafin a zo kan jinsi an riga an cinye su da lissafin Arewa da Kudu, da na Musulmi da Kirista, da na jihar da ta fi yawan ƙuri'a. Malam Aminu Kano ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya a takarar 1983, sai dai ya rasu a Afrilun shekarar kafin a yi zaɓe, kuma tun daga 1999 babu babbar jam'iyyar da ta maimaita.

Idan aka leƙa waje, za a ga cewa yawancin matan da suka kai ƙololuwa ba ta irin ƙofarmu suka bi ba. Margaret Thatcher a Birtaniya a 1979 da Angela Merkel a Jamus a 2005 sun hau ne a tsarin firayim minista, inda mutum ke buƙatar cin mazaɓarsa da amincewar 'yan majalisar jam'iyyarsa, ba sai ya zagaya ƙasa yana neman kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 24 ba. A Asiya sunan gida ne ya yi wa da yawansu aikin da gidan gwamnati ke yi a nan: Sirimavo Bandaranaike ta Siri Lanka, mace ta farko da ta zama firayim minista a duniya a 1960, matar firayim ministan da aka kashe ce, Indira Gandhi 'yar Nehru ce, Benazir Bhutto 'yar Zulfikar Ali Bhutto, Megawati 'yar Sukarno. A Afirka, Joyce Banda ta Malawi a 2012 da Samia Suluhu Hassan ta Tanzaniya a 2021 mataimaka ne da mutuwar shugaba ta ɗaga, Ellen Johnson Sirleaf kuma ta ci zaɓen Laberiya a 2005 ne bayan yaƙin basasa ya wargaza tsofaffin iyayen gida. Amurka, wadda muka kwaikwayi tsarinta a 1979, har yau ba ta yi ba: Hillary Clinton ta fi Donald Trump ƙuri'ar jama'a da kusan miliyan 3 a 2016 amma ta faɗi a lissafin wakilan jihohi, Kamala Harris ma ta faɗi a 2024.

Misalan da suka fi kusa da halinmu su ne Namibiya da Mekziko, domin duka biyun shugaba mai cikakken iko suke zaɓa kai tsaye. A Namibiya, jam'iyyar SWAPO mai mulki ta ɗaure kanta da dokar raba muƙamai rabi da rabi tun 2013, kuma Netumbo Nandi-Ndaitwah ta yi shekaru tana minista, ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyya a 2017, kafin a rantsar da ita shugabar ƙasa a Maris 2025. Mekziko ta sa daidaiton 'yan takara a tsarin mulkinta a 2014, Claudia Sheinbaum ta mulki babban birnin ƙasar daga 2018 zuwa 2023, wanda daidai yake da kujerar gwamna, da aka zo zaɓen 2024 kuma babbar abokiyar karawarta ma mace ce. A duka wuraren biyu an ɗauki kimanin shekara goma tsakanin gyaran ƙa'idar jam'iyya da hawan mace kujerar ƙoli. Sai dai kada a ɗauka ware kujeru shi kaɗai yana kai wa can. Ruwanda ta fi kowace ƙasa yawan mata a majalisa, sun haura kashi 60 cikin ɗari, amma ba ta taɓa zaɓen shugabar ƙasa mace ba. Ƙudurin da aka sake gabatarwa a majalisa ta goma, na ƙara wa mata kujera ɗaya daga kowace jiha da Abuja a kowane zaure na tarayya, da uku a kowace majalisar jiha, zai iya cika zaure, amma amfaninsa ga maganar da muke yi ya dogara ne ga ko waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa za su fito da mazaɓa da magoya baya na kansu, ko kuwa gwamnoni ne za su cike guraben da sunayen da suka ga dama, su kuma ce wa sauran mata su bar kujerun gama-gari tun da an ba su nasu.

Akwai matakin da ba ya jiran gyaran tsarin mulki, shi ne na ƙananan hukumomi. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke gudanar da shi, kuma kowa ya san jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan komai, wato jerin sunayen ciyamomi da kansiloli a gidan gwamnati ake kammala shi. Abin da ke sa gwamna ya yi nauyin hannu shi ne ciyamomin nan su ne masu tara masa daliget da ƙuri'a, kuma kowace kujera da ya ba mace ya ƙwace ta ne daga wani namijin da ke bin sa bashin siyasa. Duk da haka Gombe ta gwada a 2024, inda mata biyu suka zama shugabannin ƙananan hukumomi a cikin 11, Egla Idris a Ɓilliri da Fatima Binta Bello a Shongom. Dukansu daga Gombe ta Kudu suke, yankin da tun 1999 bai taɓa fitar da gwamna ba. Abubakar Hashidu da Ɗanjuma Goje da Ibrahim Ɗankwambo da Inuwa Yahaya duk daga arewaci ko tsakiyar jihar suka fito, rabon Kudu shi ne kujerar mataimaki, ita ma kuma duk waɗanda suka zauna a kanta maza ne.